Maki biyar tsakanin 2.80 da 3.60: yadda Adda ta yi fama da CGPA a mastas

Kafin a fara, zuwa Janairu 2022

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, Adda nake ce mata kamar yadda muke yi a nan Gombe, kuma da izininta nake rubuta wannan, sharaɗinta kawai kada na ambaci sunanta ko na makarantar ko na wani malami. Malamar sakandare ce ta gwamnati, ta haura shekara goma tana koyarwa, da yamma kuma tana karantar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci na unguwarsu. Lokacin da abin nan ya fara 'ya'yanta uku.

Digirinta na farko a fannin ilimi ta yi, ta fita da 2:2, wato ajin da ke tsakanin 2.40 da 3.49 a ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke amfani da shi, wanda ake kira CGPA, matsakaicin sakamakon duka semestoci a haɗe. Wannan ya isa a ɗauke ta mastas. Burinta ba ɓoyayye ba ne a gidanmu, tana so ta yi mastas ta zarce digiri na uku ta koma koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a. Ƙarshen 2021 aka ba ta gurbi a wata jami'a da ke da ɗan nisa da gida, sai an shiga mota an biya kuɗi mai kauri, aka fara lakca a Janairu 2022.

Ranar rijista an ba su wani ɗan littafi na dokokin karatun gaba da digiri. Ta sa shi a jaka, daga jaka ya koma cikin durowa, bai sake fitowa ba sai bayan wata ashirin da wani abu. Abin da ta shiga da shi a kanta shi ne lissafin digirin farko: 40 an ci, 50 an yi ƙoƙari, 60 kuma sai godiya.

Fabrairu 2022 zuwa Fabrairu 2023: yajin aiki, haihuwa, jarrabawa

Ba su fi sati biyar da fara lakca ba ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. A tsakanin ta samu ciki. Da kalandar ta tafi yadda aka tsara da tuni ta gama semesta biyun kafin cikin ya tsufa, amma da aka dawo sai aka matse semestar farko cikin 'yan makonni, lakca safe da yamma har Asabar, ita kuma tana wata na bakwai zuwa takwas tana hawa mota tana sauka.

Ta haihu a ƙarshen Disamba. A satin ne malamin ƙididdiga ya yi tes ɗinsa guda ɗaya tilo. A wannan kwas ɗin maki 40 na tes da asaimen ne, 60 na jarrabawa. Ta tura saƙo a grup ɗin WhatsApp na ajinsu cewa ta sauka lafiya, aka yi ta barka, wakilin aji ya ce zai gaya wa malam, ita kuma ta ɗauka shi kenan an sanar. Ba ta rubuta takarda ba, ba ta kai shaidar asibiti ba. Dada, mahaifiyarmu, ta tare a gidanta ana wankan jego, wa ke ta wata takarda.

Jarrabawa ta faɗo farkon Fabrairu 2023, daidai lokacin da take cika arba'in, kuma daidai lokacin wahalar canjin kuɗi da kowa ya sha, kuɗinka na banki amma ba ka da na mota, masu POS suna yankan son ransu, direba kuma ba ya karɓar tiransifa saboda netwok. Akwai ranar da maigidanta ya bi shaguna uku kafin ya haɗa mata kuɗin zuwa da dawowa. Haka ta rubuta kwas shida, ƙanwarmu na riƙe da jaririya a gindin bishiya a wajen hol ɗin. Dada ta ce mata ta haƙura da wannan zangon, ta ce a'a Dada wata takwas aka ci mana ba zan ƙara wani ba. Akwai damar dakatar da semesta a rubuce a cikin littafin nan na durowa, ba ta san da ita ba.

Mayu 2023: sakamakon semestar farko

An rufe jami'o'i saboda zaɓe daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, aka dawo aka shiga semesta ta biyu cikin azumi, ba a liƙa sakamakon ta farko ba sai Mayu, an riga an yi nisa. Ta ɗauko hoton allon sanarwa ta turo min. Ga abin da ke ciki:

Hanyoyin bincike, yunit 3 (yunit shi ne nauyin kwas a lissafi), maki 52. Ƙididdiga, yunit 3, maki 46. Babban kwas na sashensu, yunit 3, maki 59. Sai ƙananan uku masu yunit 2 kowanne: 63, 71 da 55.

Da farko ba ta tashi hankali ba, ta ce min ta haɗa ta raba shida ya ba ta kusan 58, ga mai jego ai ba laifi. Abin da ya ɗaure mata kai F ɗin da aka rubuta gaban 46, da kuma 2.80 a ƙarshen layi. Ta ce, kai da ka iya lissafi duba min, ina jin kuskure suka yi.

Ba kuskure. A karatun gaba da digiri makin ci 50 ne, babu D babu E, duk abin da ya gaza 50 F ne, sifili. 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. To nata: 52 C ne, 3 sau 3 tara. Ƙididdiga sifili. 59 shi ma C ne, tara. 63 B, takwas. 71 A, goma. 55 C, shida. Jimilla 42, a raba da yunit 15, 2.80, shi ne GPA, matsakaicin semesta ɗaya.

Na sake buga kalkuleta na ga wani abu da ya sa na yi shiru kafin na gaya mata. Da 59 ɗin nan 60 ne, maki ɗaya kacal, da GPA ɗinta 3.00 ne. Da 46 ɗin 50 ne da 3.40 ne. Da duka biyun sun faru da 3.60 take da shi. Maki biyar ne tsakaninta da 3.60, cikin maki ɗari shida da aka yi jarrabawa a kansu.

A makarantarsu sai kana da 3.00 za ka kammala mastas. Digiri na uku kuma yawancin jami'o'inmu 3.50 suke nema a mastas, wasu ma sai 4.00. Kenan a ranar tana ƙasa da layin kammalawa, balle wancan. Sannan F ɗin ba ya gogewa, ko ta sake kwas ɗin ta ci, yunit ukun farko da sifilinsu suna nan cikin lissafi har ranar da za a ba ta takarda.

Mayu zuwa Yuli 2023: abubuwan da aka gwada

Na farko roƙo. Ta je wajen malamin da ya ba ta 59, ta gaishe shi ta ce ranka ya daɗe maki ɗaya ne, a duba min. Ya karɓe ta da mutunci amma ya ce Malama sakamako ya riga ya wuce taron sashe ya wuce na tsangaya, ba shi da hannu a kai yanzu, kuma in ya ɗaga nata akwai mutum huɗu da ke kan 58 da 59. Ta dawo ba komai.

Na biyu ta rubuta takardar neman a sake duba mata ƙididdiga, ta biya kuɗin da ake biya, don ta tabbata ta yi abin kirki a jarrabawar. Aka duba, amsa ta fito bayan makonni: ta samu 37 cikin 60 a jarrabawa, makin daidai yake ba a rage mata komai ba. Inda ta zube shi ne ɗaya ɓangaren, 9 cikin 40, na asaimen kaɗai, tes babu. Da ta je wajen malamin ya ce mata da ta kawo takardar asibiti a lokacin da ya shirya mata tes na daban, ya yi wa wasu a baya, amma shi babu wanda ya gaya mishi ta haihu, ya ga dai ba ta zo ba. Wannan maganar ta fi F ɗin yi mata zafi, kwana biyu ba ta son a tayar da zancen.

Na uku ƙara ƙaimi. Ta yi jadawali, kwas shida kwana shida, kowanne dare ɗaya, tana tashi ƙarfe biyu bayan ta shayar da yarinya ta zauna har asuba, da safe ta tafi aji ta koyar. Ta rame sosai a watannin nan, hawan jini ma ya fara leƙo ta. Ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota ya ninka, dole ta fara zaɓen ranakun da za ta je lakca. Sai ta riƙa zuwa ranar da lakca ta fi yawa don kuɗin motar ya biya, ranar kuwa ƙananan kwasa-kwasai ne suka cika ta, wani babban mai yunit 3 da ake yi shi kaɗai ranar Alhamis shi ya sha kashi.

Akwai kuma shawarar da wata ƙawarta ta kawo, ta watsar da wannan ta sake sayen fom a wani wuri ta fara da farar takarda. Maigidanta ya zauna ya yi lissafin abin da aka riga aka kashe da shekara biyun da za a sake, ya ce a bari a ga sakamako na biyu tukuna.

Oktoba 2023: sakamako na biyu

Masu yunit 3: 61, 57, 64. Masu yunit 2: 72, 58, sai semina 66. Wato B, C, B, sannan A, C, B. Jimilla 57 cikin yunit 15, GPA 3.80. Ta yi murna ranar, har ta kira Dada. Amma in aka haɗa semesta biyun, 42 da 57 sun zama 99, a raba da 30, CGPA 3.30. Ta haye layin kammalawa, ba ta kai na digiri na uku ba. Kuma ga shi an sake maimaita abin da ya faru a baya, A ɗinta ya tafi kan ƙaramin kwas, 57 da 58 sun tsaya a bakin ƙofar B, 57 ɗin kuwa na ranar Alhamis ne.

Abin da ya rage mata abu biyu ne kawai, kari-oba, wato maimaita ƙididdigar da ta faɗi, yunit 3, da kundin bincike wanda a wajensu yunit 6 ne kuma ana ba shi maki. A digirin farko mutum na da semesta takwas, in ya yi tuntuɓe a ɗaya yana da bakwai na gyara. A nan an gama kwasa-kwasai, saura yunit tara.

Nuwamba 2023: zama da kodineta

Wannan karon ba roƙo ta je yi ba. Na ce Adda ki ɗauko littafin nan, muka kwana biyu muna karanta shi layi layi, muka zana teburi a takarda, ta tafi da shi wajen kodinetan karatun gaba da digiri na sashensu ranar sabuwar rijista.

Teburin cewa yake: jimillar yunit zai zama 39, don kai 3.50 tana buƙatar aƙalla 137, tana da 99, saura 38. In ta samu B a ƙididdiga da B a kundi, 12 da 24, za ta tsaya a 135, wato 3.46. Dole sai ta samu A a ɗaya daga cikinsu. A a kundi kuwa ba abin da mutum zai ɗora rayuwarsa a kai ba ne, don ba sufabaiza kaɗai ke bayarwa ba, da mai jarrabawa na waje wanda bai san ka ba bai san wahalarka ba.

Ta ce Dokta ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce Malama da kin zo da wannan tun watan Mayu. Shi ne ya nuna mata wani sakin layi da muka karanta muka wuce ba mu gane amfaninsa ba: akwai mafi ƙarancin yunit da ɗalibi zai ɗauka akwai kuma mafi yawa, ita tana kusa da ƙasa, don haka tunda dole ta yi rijistar semestar saboda kari-oba, doka ta ba ta dama ta ƙara kwas na zaɓi. Cikin jerin akwai ɗaya kan ilimin manya, yunit 2, abin da take yi da hannunta kowace yamma shekara da shekaru. Da shi yunit zai koma 41, ana neman 144, B da B da A a ƙaramin za su ba ta 145. Ya gargaɗe ta dai cewa wuƙa ce mai baki biyu, in ta samu C a ciki ƙasa zai ƙara ja da ita. Ta yi rijista.

Nuwamba 2023 zuwa Maris 2024

Abu uku suka canza. Ta nemi shugabar makarantar da take koyarwa ta gyara mata jadawali aka bar mata ranar ƙididdiga fili, ba ta rasa lakca ko ɗaya ba, ta yi tes biyun da aka yi, ta miƙa asaimen da hannunta ta sa hannu a takarda. Ta daina tashin ƙarfe biyu, ta koma awa ɗaya da rabi bayan asuba kullum. Sannan wani malamin lissafi abokin aikinta ya riƙa zama da ita sau biyu a sati a ofishin malamai bayan an tashi, ba tsofaffin tambayoyin jarrabawa suke haddacewa ba, bayanan da ta tattaro na kundinta suke aiki da su, amsoshin 'yan mata na makarantu kan abin da ke hana su zuwa aji, su lissafa da hannu sannan su sa a manhajar ƙididdiga ta SPSS su ga ko ya yi daidai. Akwai yaran da ke karɓar kuɗi su yi wa mutum babi na huɗu na kundi, inda ake nazarin bayanai, gaba ɗaya, an kawo mata lambar ɗaya, ba ta kira ba.

An yi jarrabawa a Maris 2024 cikin azumi. Ƙididdiga ta samu 29 cikin 40, da 39 cikin 60, jimilla 68, B, saura maki biyu ta kai A. Ilimin manya 74, A.

Ƙarshen 2024: difens da sakamako

Daga nan komai ya rataya a kan kundi. C zai ba ta 139 cikin 41, wato 3.39. B zai ba ta 145. Ta yi difens, wato kare kundinta a gaban malamai, na cikin gida tsakiyar shekara, na waje a Nuwamba. Mai jarrabawar ya tsaya a babi na huɗu kusan minti ashirin yana tambayar me ya sa ta zaɓi wannan gwajin ba wancan ba, me wannan lambar ke nufi, ta amsa da bakinta ba ta leƙa takarda ba. Aka ba ta 65, B. CGPA na ƙarshe 145 a raba da 41, 3.54. Ba don kwas ɗin zaɓin ba da 3.46 ne. Daga lakcar farko zuwa difens wata talatin da biyar, a karatun da aka ce mata semesta uku zuwa huɗu ne.

Abin da na gani

Roƙo da sake duba takarda ba su yi aiki ba saboda babu kuskure a makin, matsalar ta faru tun Disamba 2022 lokacin da ba a kai takarda guda ɗaya ofis ba. Karatun dare ya ɗaga ta zuwa 3.80 amma ya ci lafiyarta, kuma ya raba ƙarfinta daidai-wa-daida kan kwasa-kwasan da ba nauyinsu ɗaya ba. A ƙididdiga abin da ta rubuta a hol karo na farko 37 ne, karo na biyu 39, bambancin maki biyu. Sauran maki ashirin ɗin da suka ɗaga ta daga 46 zuwa 68 na halarta ne, ta zo ta yi tes. Kenan F ɗin farko bai auna saninta ba, ya auna cewa tana ɗakin haihuwa a satin tes. Zaman da malamin lissafi bai ƙara mata wani maki sosai a jarrabawa ba, amfaninsa a difens ya fito, shi ya riƙe mata B ɗin yunit shida.

Ban ga laifin malaman da suka ƙi ɗaga mata maki ba, gaskiya da sun ɗaga da sun zalunci wasu. Kuma Adda na da nata kason, littafin na hannunta tun ranar farko. Amma abu biyu suna damuna har yanzu. Sakamakon semestar farko da bai fito ba sai da ta biyu ta yi nisa, a karatun da duka kwasa-kwasansa semesta biyu ne, wannan ya hana mutum gyara a lokacin da gyara ke da amfani. Sannan babu wanda ya tsaya gaban ajin nan a satin farko ya ɗauki alli ya nuna musu cewa 59 da 50 abu ɗaya ne a wannan lissafin, 49 da sifili ma abu ɗaya ne, alhali yawancinsu ma'aikata ne masu iyali da suka bar jami'a shekara goma baya. Aikin minti talatin ne. Cikin 'yan ajinsu akwai waɗanda suka gama da 3.3 da 3.4 ba su san sun rasa wani abu ba sai ranar da suka je sayen fom ɗin digiri na uku.

Kuma ba na jin daɗin cewa abin da ya haye da ita layin kwas ne da ta riga ta san abin da ke cikinsa tun kafin ta shiga ajin. Halas ne, doka ta yarda, ta zauna ta rubuta ta ci da guminta. Amma Addar da ke da 3.54 da wadda za ta tsaya a 3.46 mutum ɗaya ce, kundi ɗaya, sani ɗaya, ɗaya za a karɓi fom ɗinta ɗaya a mayar mata.

Yanzu takardar sakamakon na hannunta. Jami'o'in da ke neman 4.00 ta cire su daga lissafi, ta ware biyu da ke karɓar 3.50. Yarinyar da aka riƙe a gindin bishiya tana gudu ko'ina a gidan. Adda ta ce sai ta biya bashin adashen da ta ci don kuɗin difens kafin ta sayi fom, kuma ta riga ta sa ƙanwarmu ta samo mata littafin dokokin duka makarantun biyu.